Rancen birni ga dilan motoci: aikin yi ake ceto ko haraji?

Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, lokacin da hankalin duniya ya tattara kan biliyoyin dalolin da gwamnatin Amurka ke zuba wa bankuna da kamfanonin ƙera motoci, wasu ƙananan birane a jihar Kalifoniya sun yi wani abu da ba a saba gani ba. Majalisar birnin Victorville, garin da ke cikin hamada a kan babbar hanyar Los Angeles zuwa Las Vegas, ta amince ta ranta wa wani dilan motoci na garin dala 200,000. Birnin Norco kuma ya buɗe wa diloli biyu ƙofar rance har dala 500,000 kowannensu. Hujjar a bayyane take: idan wuraren nan suka rufe, mutanen gari za su rasa aiki, asusun birni ma zai ji a jikinsa.

Tun daga lokacin ake jayayya a kan wannan mataki. Wasu na ganin tausayi ne da hangen nesa, wasu na ganin an ɗebi kuɗin talaka an miƙa wa ɗan kasuwar da ya fi yawancin mutanen garin arziki. Ni dai ina tare da ma'aikatan, domin ba su suka jawo rikicin tattalin arzikin ba, kuma su ne ba su da wani abin dogaro idan albashi ya tsaya. Amma saboda ina tare da su ne nake ganin dole a duba wannan rance da idon basira. Kuɗin da aka bayar da sunan ma'aikaci ba kullum yake isa hannun ma'aikaci ba.

Kafin a gane matsalar, sai an fara gane yadda sana'ar take. A yawancin jihohin Amurka, doka ba ta yarda kamfanin da ke da diloli ya tsallake su ya sayar wa jama'a sabuwar mota kai tsaye ba. Ford ko Toyota ko General Motors sai ya bi ta hannun dila, wanda ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, yana riƙe da yarjejeniyar da ta ba shi izinin sayar da motocin kamfanin a yankinsa. Kafin rikicin, akwai irin waɗannan wurare sama da 20,000 a faɗin ƙasar, suna ɗauke da ma'aikata fiye da miliyan ɗaya. Idan aka raba, kowane wuri na da mutum kusan 50. Ba masu tallar mota kaɗai ba ne. Akwai makanikai, masu kula da kayan gyara, masu fenti, masu wanki, direbobi, akantoci, da waɗanda ke cike wa mai saye takardun bashi da inshora. Yawancin ayyukan nan ba sa bukatar digiri, kuma albashinsu na riƙe gida.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, motocin da ke jere a filin dila suna ƙyalli, ba da kuɗinsa ya saye su ba. Da bashi ne. Akwai wani nau'in rance na musamman da za a iya kira bashin cika fili: banki ko kamfanin kuɗi na masu ƙera motar ne ke biyan kuɗin kowace mota tun daga masana'anta, dila kuma yana biyan kuɗin ruwa kullum muddin motar na tsaye a filinsa. Ranar da aka sayar, cikin 'yan kwanaki dole ya mayar da uwar kuɗin wannan motar. Motocin su ne jinginar. Don haka lokaci-lokaci ma'aikacin bankin kan faɗo ba sanarwa, da takarda a hannu, ya bi layi yana leƙa gilashin gaba na kowace mota, yana duba lambar jikinta yana sa alama. Idan ya tarar an sayar da mota ba a mayar da kuɗinta ba, amana ta karye, kuma bankin na iya turo manyan motoci su kwashe filin gaba ɗaya.

To a 2008 duk ginshiƙan da sana'ar ke tsaye a kai suka girgiza lokaci guda. A tsakiyar shekarar farashin galan ɗin fetur ya haura dala 4, jama'a suka juya wa manyan motoci masu shan mai baya, alhali su ne suka cika filayen dilolin kamfanonin Amurka, su ne kuma suka fi kawo riba. Darajar gidaje ta faɗi, wanda ya saba cin bashi a kan gidansa ya sayi mota ya rasa wannan hanya. Sai ga bankin Lehman Brothers ya rushe ranar 15 ga Satumba, kasuwar bashi ta daskare. Mai saye ya kasa samun rance, dila ma ya kasa samun na cika fili. GMAC, kamfanin da ke ba dilolin General Motors da masu sayen motocinsa bashi, shi kansa sai da gwamnati ta tallafe shi. A watan Satumbar nan ne kamfanin Bill Heard na jihar Jojiya, ɗaya daga cikin manyan dilolin Chevrolet a ƙasar, ya rufe dukkan rassansa, dubban ma'aikata suka wayi gari babu aiki. Sabbin motocin da aka sayar a Amurka sun sauka daga kimanin miliyan 16 a 2007 zuwa miliyan 13.2 a 2008, sannan miliyan 10.4 a 2009.

Wannan shi ne halin da dila yake ciki lokacin da ya je ya tsaya gaban kansiloli yana neman taimako. Tambayar ita ce, me ya sa birni ya saurare shi, alhali mai gidan abinci da mai shagon kayan gini da mai sayar da kujeru duk suna cikin irin wannan wahala?

Ruwa ba ya tsami banza. Amsar tana cikin tsarin haraji, kuma ba abin mamaki ba ne da labarin ya fi fitowa daga Kalifoniya. A 1978 masu zaɓe a jihar suka amince da dokar da aka sani da Proposition 13, wadda ta ƙayyade harajin gidaje da filaye zuwa kashi 1 cikin 100 na darajarsu, ta kuma hana a ɗaga darajar da ake lissafi da ita fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara matuƙar gidan bai sauya hannu ba. Wannan ya ɗaure hannun birane ta fuskar harajin da suka fi dogaro da shi. Sai suka koma ga harajin ciniki. A ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta 1955 mai suna Bradley-Burns, kimanin kashi 1 cikin 100 na kuɗin duk abin da aka saya yana komawa asusun ƙaramar hukumar da aka yi cinikin a cikinta. Wurin da kantin yake shi ke cin moriya, ko daga ina mai saye ya fito.

A lura da abin da wannan ke nufi. Mota ita ce abu mafi tsada da yawancin mutane ke saye wanda ake biya wa harajin ciniki. Mu ƙaddara dila yana sayar da mota 1,000 a shekara, kowace a kan dala 25,000. Cinikin dala miliyan 25 ke nan, rabon birni dala 250,000, ban da harajin kayan gyara. Fili ɗaya tak, wanda ba ya bukatar makaranta ko asibiti, yana kawo abin da zai biya albashin 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana biyu ko uku. Saboda haka birane suka shiga tseren jawo diloli. Suka riƙa sayen filaye a bakin manyan hanyoyi, suna shimfiɗa titi, suna kafa manyan alluna, suna tara diloli wuri guda. Birnin Cerritos da ke kusa da Los Angeles ya fara gina irin wannan kasuwar motoci tun ƙarshen shekarun 1970, ta zama abin koyi ga sauran. Tseren ya yi tsanani har maƙwabta suka riƙa sace wa juna diloli da alkawarin rangwame, sai da majalisar jihar ta yi doka a 1999, ta ƙara tsaurara ta a 2003, tana hana birni ba dila tallafin kuɗi don ya taso daga wani birni da ke cikin kasuwa ɗaya.

Saboda haka kansilan da ya ɗaga hannu ya amince da rancen dala 200,000 ba lallai ba ne ya zama mai son kai ko wanda aka saya. Lissafi yake yi. Idan wurin ya rayu, harajin shekara guda ya kai abin da aka ranta. Idan ya rufe, giɓin zai fito a kasafin kuɗi, a daidai lokacin da harajin gidaje ma ke raguwa saboda bankuna na ƙwace gidaje. Kuma tsoron ba na banza ba ne, domin a watan Mayun 2008 birnin Vallejo na jihar ya garzaya kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi, kowane magajin gari na kallo. Ina ganin gaskiya ita ce a kira wannan abu da sunansa. Birni na kare hanyar samun kuɗinsa ne, kuma ba laifi ba ne ya yi hakan. Laifin yana zuwa ne idan aka lulluɓe shi da maganar aikin yi, har ya zama ba wanda ya tsaya ya rubuta sharaɗi ko ɗaya da zai tabbatar da cewa ma'aikatan za su ci gaba da zama.

Yanzu mu koma ga girman kuɗin. Mu ƙaddara dila na da mota 200 a fili, kowace dala 25,000. Bashin cika fili da ke wuyansa dala miliyan 5 ne. Idan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 ne, yana biyan dala 25,000 kowane wata kafin ya sayar da ko taya. Idan ma'aikatansa 50 ne, kowa na karɓar dala 4,000 a wata, albashin wata ɗaya dala 200,000 ne. Wato rancen da birni ya daɗe yana muhawara a kai, wanda zai iya janyo wa kansila faɗuwa zaɓe, kuɗin mota takwas ne a cikin ɗari biyu, ko albashin wata guda. Idan matsalar dila ta 'yan makonni ce, misali yana jiran wani kuɗi da kamfani ke riƙe masa ko sabon bankin da ya yi masa alkawari, wannan kuɗi na iya tsallakar da shi. Idan kuwa matsalar ita ce rabin masu saye sun ɓace kuma ba za su dawo ba sai bayan shekara uku, to ɗiban ruwa ake yi da kwando.

Akwai kuma batun layi. Ranar da dila ya karye, masu bin sa bashi ba rububi suke yi ba, doka ta jera su. Mai bashin cika fili ne a gaba, motocin nasa ne, kuma sau da yawa takardar da dila ya sa wa hannu ta haɗa har da kayan gyara, kayan aikin gareji da kuɗin da ke asusu. Filin da ginin, idan ba haya ba ne, galibi akwai bankin da ke riƙe da takardunsu. Birni ya zo a makare, don haka a baya yake tsayawa, sai abin da ya rage. Kuma mu tuna, dalilin da ya kawo dila gaban majalisa shi ne bankunan da suka fi kowa sanin littattafansa sun ƙi ƙara masa. Wani lokaci ƙin nasu ba shi da alaƙa da lafiyar kasuwancinsa, domin a ƙarshen 2008 bankuna sun rufe ƙofa ga mai kyau da maras kyau. Amma wa zai bambance? Ƙaramin birni ba shi da ma'aikatan da suka ƙware a binciken littattafan dilan mota. Daraktan kuɗi ɗaya ne da 'yan mataimakansa, suna fama da nasu kasafin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan labari shi ne abin da ya biyo baya a bazarar 2009, domin ya nuna cewa wuƙa da nama ba a hannun birni suke ba, ba kuma a hannun dila ba. A watan Disambar 2008 gwamnatin Shugaba George W. Bush ta ware dala biliyan 17.4 don riƙe General Motors da Chrysler. Gwamnatin Barack Obama ta gaji lamarin, ta kafa kwamiti, ta ce sai an yi wa kamfanonin garambawul. Chrysler ya shiga kotun karayar arziki ranar 30 ga Afrilu, General Motors ya bi ranar 1 ga Yuni. Ranar 14 ga Mayu, Chrysler ya sanar da soke yarjejeniyar diloli 789, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dilolinsa, ya ba su ƙasa da wata guda. Washegari General Motors ya aika wa diloli kusan 1,100 takardar cewa ba zai sabunta tasu ba. Dokokin jihohi da suka saba kare dila daga irin wannan kora ba su yi aiki ba, domin kotun karayar arziki ta tarayya ta ba kamfanin damar yar da yarjejeniyoyin. Sunaye irin su Pontiac da Saturn da Hummer kuwa, General Motors ya daina ƙera su baki ɗaya.

A yi tunanin ranar. Wasiƙa ta iso da safe, mai wurin ya buɗe a ofishinsa, a bangon akwai hoton mahaifinsa da ya kafa wurin. A waje makanikai na ƙarƙashin motoci, ba su san komai ba tukuna. Wasu daga cikin waɗanda aka kora suna cin riba, suna biyan bashinsu a kan lokaci. Ba wani rancen birni da zai hana wannan takarda zuwa, kuma ba kansilan da aka tuntuɓa kafin a rubuta ta. Kukan ya kai majalisar dokokin ƙasa, a Disambar 2009 ta yi dokar da ta ba dilolin damar kai ƙara gaban masu sasanci, wasu suka samu aka mayar musu da izininsu. A Yulin 2010 babban mai binciken shirin ceton tattalin arziki, Neil Barofsky, ya fitar da rahoton da ya soki gaggawar da aka yi wajen rufe wuraren ba tare da auna ayyukan da za a rasa ba. Amma a lokacin wurare da yawa sun riga sun zama kango.

Abubuwan da suka motsa kasuwar ma daga Washington suka fito. A Yulin 2009 hukumar tarayya mai kula da ƙananan sana'o'i ta fara wani shirin gwaji na tsaya wa diloli a bashin cika fili. A tsakiyar wannan shekarar kuma aka yi shirin musayar tsohuwar mota mai shan mai da sabuwa, inda gwamnati ke rage wa mai saye dala 3,500 ko 4,500. An kashe kusan dala biliyan 3, aka sayar da motoci kusan 700,000 cikin 'yan makonni. Har yau masana na jayayya ko shirin ya ƙara ciniki ne ko ya jawo na gobe zuwa yau, amma girmansa kaɗai ya isa ya nuna tazarar da ke tsakanin aljihun tarayya da na ƙaramin birni.

Sai babbar tambayar da ba a so a yi a zauren majalisa, domin ma'aikatan na zaune a kujerun baya da rigunan aikinsu: shin idan wurin ya rufe, ayyukan sun mutu ne ko sun ƙaura? Wanda ke son mota zai tafi gari na gaba ya saya. Wanda birkinsa ya lalace dole ya gyara, ko da dila ko babu. Hasali ma idan mutane suka daina sayen sabbin motoci, tsofaffin sun fi bukatar gyara, kuma garejin gyara da kayan gyara su ne ke riƙe dila a lokacin wahala, domin ribar sabuwar mota siririya ce. Don haka idan aka kalli yanki gaba ɗaya, wani kaso na ayyukan zai sake fitowa a wani wuri. Birnin da ya tallafi dilansa na iya zama sanadin rufewar na maƙwabcinsa, tunda masu sayen ba su ƙaru ba. Timothy Bartik na cibiyar Upjohn a jihar Michigan, wanda ya daɗe yana nazarin tallafin da hukumomi ke ba kamfanoni, ya kiyasta a 2018 cewa tsakanin kashi 2 zuwa 25 cikin 100 ne kawai na irin wannan tallafi ke sauya shawarar kamfani. Sauran sun karɓi kuɗi ne a kan abin da dama za su yi. Nazarinsa ya shafi tallafin jawo kamfanoni da faɗaɗa su, amma tambayar ɗaya ce a nan: da ba don rancen ba, me zai faru?

Duk da haka ban yarda da waɗanda ke tsayawa a nan su ce a bar kasuwa ta yi aikinta ba. Maganar cewa aiki zai sake fitowa a wani wuri gaskiya ce a takarda, amma makaniken da ya shekara ashirin a gareji ɗaya, yana da shekara hamsin da biyar, ba zai ci wannan gaskiyar ba. A Amurka inshorar lafiyar mutum galibi a ɗaure take da aikinsa, ranar da aka sallame shi ta fara tangal-tangal, ko da matarsa na tsakiyar jinya. A 2009 rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin 100 a ƙasar, a Kalifoniya ya haura haka. Wanda ya rasa aiki a irin wannan lokaci kan daɗe bai samu wani ba, idan ya samu ma albashin ya ragu. A ƙaramin gari da ke nesa da wasu, dila ɗaya ne ke gyaran motocin da ke ƙarƙashin garanti, shi ke ɗaukar nauyin ƙungiyar wasan yara. Kuma babban fili da aka gina don mota ba ya saurin samun wani mai haya. Duk waɗannan asara ce ta gaske da ba ta fitowa a lissafin banki, kuma aikin hukuma ne ta lissafa su.

Saboda haka ni ba na cewa kada birni ya taɓa ba da irin wannan rance. Abin da nake cewa shi ne, yadda aka rubuta takardar shi ne ke nuna wanda ake ceto. Abu na farko da zan nema shi ne mai wurin ya sa nasa. Idan ya yi imani kasuwancinsa zai farfaɗo, ya sa hannu da kansa ya tsaya wa bashin, ya jingine fili ko gidan da ba wanda ke riƙe da takardunsa. Wanda ya ƙi sa dukiyarsa ya riga ya gaya wa majalisa abin da yake tunani. Bankin cika fili ma ya rubuta cewa ba zai janye ba na wani lokaci, in ba haka ba kuɗin birni zai shiga ta ƙofar gaba ya fita ta baya zuwa asusun wannan bankin, jama'a su zama sun biya wa banki bashinsa. Kada a zuba kuɗin gaba ɗaya, a riƙa saki kashi-kashi ana duba takardar albashi, kuma a rubuta yawan ma'aikatan da za a riƙe da abin da zai biyo baya idan aka sallame su. Wannan ba sabon abu ba ne. Ma'aikatar gidaje da raya birane ta tarayya, idan aka yi amfani da kuɗin tallafinta wajen riƙe ayyuka, tana neman hujjar cewa ayyukan za su salwanta in ba a taimaka ba, tana neman akasarinsu su zama na masu ƙaramin ƙarfi, tana kuma da iyakar abin da za a kashe a kan kowane gurbi.

Akwai kuma adalci tsakanin 'yan kasuwa. Idan an ba dila ɗaya, na gefensa da ya rage wa kansa riba, ya sayar da gidansa na hutu don kada ya sallami kowa, me za a ce masa? Diloli galibi manyan mutane ne a gari, sun san magajin gari, wasunsu na ba da gudummawa a lokacin zaɓe. Ko da niyya tsarkakakkiya ce, zargi zai shigo, sai dai idan ƙa'idar a rubuce take, a buɗe ga duk wanda ya cika ta, kuma kansilan da ke da alaƙa da mai neman ya fita daga zauren. Amurka ta taɓa ƙonewa a wannan wuta. A ƙarni na 19 jihohi da garuruwa da yawa sun ci bashi sun zuba a kamfanonin jirgin ƙasa don layin dogo ya bi ta wurinsu, kamfanonin suka karye, jama'a suka shekara suna biya. Daga nan ne kundin tsarin mulkin jihohi da dama, har da na Kalifoniya, ya haramta kyautar da dukiyar jama'a ga mai zaman kansa. Shi ya sa ake tsara abin a matsayin rance mai ruwa, ana kuma rubuta amfanin da jama'a za su samu.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: rance ba ya cin riba idan arziki ya dawo. A 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya rage yawan motocin da ake ƙerawa, farashi ya tashi, dilolin Amurka suka samu ribar da ba su taɓa gani ba. Birnin da ya ɗauki kasada a ranar wuya, mafi yawan abin da zai samu shi ne uwar kuɗinsa da ɗan ruwa da harajin da dama yake karɓa. Idan abin ya ɓaci, asarar tasa ce duka.

Yawancin tallafin da biranen Kalifoniya suka riƙa ba kasuwannin motoci a waɗancan shekaru yana bi ne ta hukumomin sake gina birane, waɗanda ke riƙe wani kaso na harajin gidaje da filaye na yankunan da aka ware musu. Gwamna Jerry Brown ya ce kuɗin nan makarantu da sauran ayyuka sun fi bukatarsa, kotun ƙolin jihar ta amince da dokar a Disambar 2011, aka rushe hukumomin, kusan 400, ranar 1 ga Fabrairun 2012. Wannan aljihu ya rufe. Amma Proposition 13 na nan, kuma rabon birni daga harajin mota har yanzu yana bin adireshin wurin da aka sayar da ita.